Kyandiran Saratu a Bayan Ɗakin Duhu

Murmushinta na fara gani. Ina zaune a ƙofar ɗakina a unguwar Sheshe da hantsi, littafin haya a cinyata, na kai daidai wurin da saurayi ya dawo daga tafiya, sai na ɗaga kai na ga Ummi tsaye a jikin randa tana yi mini wani irin murmushi, haƙora a waje, gira a ɗage. Na ce, "Ke kuma dariyar me kike yi mini?" Ba ta amsa ba, na mayar da kaina kan karatuna. A lokacin nan komai na duniya da idon littattafan soyayya nake kallonsa. Har na ce a raina, yarinyar nan idan ta girma murmushin nan kaɗai ya isa ya tara mata samari.

Ashe muƙamuƙinta ne ya fara ɗaurewa.

Shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ce, wajen ƙarshenta. Ummi ce 'yata ta fari, ba ta daɗe da shiga firamare ba. Sunan surukata Hajiya ta ci, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidan. 'Yan kwanaki kafin nan ta taka ƙusa a lungu, inda maƙwabta suka sauke tsohon kwanon rufi. Na yi mata abin da aka yi mini ina yarinya a Mandawari: na matse jinin, na zuba kananzir, na ɗaure da tsumma. Ramin ya rufe, muka manta. Duk uwar da ke karanta wannan, idan ɗanki ya taka ƙusa ki kai shi a yi masa allura ranar, ko da ciwon bai kai ƙwayar gero ba.

Washegari cokalin koko ya ƙi shiga bakinta. Wuya ya sandare. Hajiya ta ce sanyi ne, a gasa mata. Gwaggo Asabe, ƙanwar Hajiya, ta ce sanyin lafiya? Iska ce, yarinyar da take bi ta kan bola da magariba. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, ya dawo ta gefen baki. Da yamma murfin tukunya ya suɓuce mini ya faɗi a siminti, sai Ummi ta banƙare, ƙeya da dugadugai kaɗai ke taɓa tabarma. Babanta mutum ne marar magana, mai sayar da yadi a kasuwar Kwari, tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa jin ya faɗi kalma ɗaya irin ta littafi ba. Ranar bai nemi izinin kowa ba, ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi titi, ina biye da mayafi a hannu. A cikin tasi, duk ɗan acaɓar da ya danna oda sai ta sake banƙarewa a cinyarsa.

A asibiti muna cikin layin kati wata nas ta hango mu, ta janye mu ba tare da ta tambayi sunanmu ba. Allah Ya saka mata, ban ƙara ganinta ba. Likita ya duba tafin ƙafar Ummi ya ce, "Ta taka wani abu?" Na faɗa masa. Ya ce sunan ciwon tetanus, wanda ake ce wa sarƙe-haƙora. Sauran maganarsa har yau tana kunnena.

"Dafin ya riga ya kama jijiyoyi. Wanda ya kama ba mu da abin ɓamɓare shi, sai ya saki don kansa. Namu mu hana sabo shiga, mu sa ta barci. Naku ku hana ta jin ƙara da ganin haske. Ƙara ɗaya tana iya tsayar mata da numfashi."

Na ce, "Har yaushe, likita?"

Ya ce, "Makonni. Sai jira."

A littattafan da na sani, jinya shafi biyu ce. A suma, a yayyafa ruwa, a farka a ga masoyi a gefen gado. Ba wanda ya taɓa rubuta mini yadda ake jira.

Allurar farko babu ita a asibitin, sai da Baban Ummi ya zaga kemis-kemis. Ana ta faɗa a rediyo cewa tun da farar hula sun hau magani zai dawo asibitoci, mu dai har auduga da robar da aka zura mata ta hanci don abinci saya muka yi. 'Yan kunnen aurena suka tafi a makon farko, keken ɗinkina ya bi su.

Ɗakin da aka kai mu yana can ƙarshen sashen yara, an rufe tagoginsa da barguna. Gado biyu ne. Sai da idona ya saba da duhun na ga yaro a ɗaya gadon, da wata ƙatuwar mata zaune a ƙasa ta naɗe ƙafa. Ta matso ta raɗa mini, "Sannu da zuwa. Cire takalmin, yana ƙara. Awarwaron ma." Ita ce Saratu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, mijinta kafinta a Sabon Gari. Ɗanta Iliya ya riga Ummi kwanciya, shi kwalba ce ta yanke shi. Kafin ranar ban taɓa zama da Kirista a tabarma ɗaya ba.

Abin da ya kusa kashe mini 'ya a makon nan ba dafin ba ne kaɗai. Dubiya ce. Kun san mu, in aka ce wane yana asibiti wanda bai je ba ya yi abin kunya. Da la'asar sai ga su, matan Sheshe da na Mandawari, Hajiya a gaba, da kuloli da kwanuka. Gwaggo Asabe ta banko ƙofa, haske ya shigo, ta rangaɗa sallama. "Ina 'yar tawa? Ummi! Sannu Ummi!" Yarinya ta banƙare, leɓɓanta suka yi baƙi, numfashi ya tsaya. Iliya ma ya ɗauka. Nas ta shigo a guje da allura. Ni kuwa ina rakuɓe a jikin bango. Yaya zan ce da uwar mijina ta fita?

Da aka samu numfashin ya dawo, ina jin Gwaggo a baranda tana cewa, "Kun gani ko? Yana jin sallama ya motsa. Na faɗa muku mutanen ɓoye ne, asibiti ba ta san wannan ba."

Washegari Saratu ta jawo benci ta gicciye shi a bakin ƙofa daga waje, ta zauna a kai da allura da zare. Nas ɗaya ce ke kula da sashen gaba ɗaya da rana, ba ta da lokacin gadi. Duk wanda ya zo, Saratu ta tare shi da fara'a. "Mama, sannu da zuwa. Ba shiga. Kawo kular, zan ba ta. Addu'a daga nan ma tana isa."

Hajiya ta ce, "Ke wace ce da za ki hana ni ganin takwarata?"

"Ni uwar na ɗaya gadon ce, Mama. In kin shiga, nawa ma zai tashi."

Hajiya ta juya tana faɗa, wai an sa mata 'yar coci gadi. Ni ina ciki ina jin su, cike da kunya da godiya.

Mako na biyu ya fi na farko muni. Zazzaɓi ya shigo, ƙirjin Ummi ya fara kurman tari. Na daina wanka sai Saratu ta kore ni. Na daina karatu, don ko da akwai haske ba zan iya ba. Ina zaune ina sauraron numfashin Ummi, in ya yi jinkiri nawa ma ya tsaya. Ran Lahadi na fita bayan ɗakin wajen famfo don kada kukana ya tashe su, sai na tarar da Saratu a tsugune, ta kafa kyandir biyu a cikin gwangwanin madara, ta kare su da tafin hannu, tana waƙa can ƙasan maƙoshi.

Na ce, "Da rana tsaka kike kunna kyandir?"

Ta yi dariya. "A coci ake kunnawa. Tun da ban samu zuwa ba na kawo cocin nan." Ta ce Lahadi huɗu kafin Kirsimeti lokacin jira ne a wurinsu, jiran haihuwar Yesu Almasihu, wanda mu muke kira Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Lahadin farko a kunna ɗaya, na biyu a ƙara ɗaya, a haka har su cika.

"Me zai hana a kunna su duka a huta?"

"To ai bai iso ba tukuna. Kaɗan-kaɗan hasken yake ƙaruwa." Ta dube ni. "Ke kina jira kamar wadda aka ce ɓarawo na zuwa. Mu an ce mana baƙo ne yana hanya. Sai mu yi shara, mu wanke labule, mu ɗaure kaza."

Na ce, "In baƙon bai zo ba fa, Saratu? In mutuwa ce a hanyar?"

Ta gyara zaman gwangwanin. Sannan ta ce, "Na binne ɗaya kafin Iliya. Na san hanyar. Amma yau da safe yatsunsa sun buɗe, na sa nawa a ciki. Na yau ke nan. Ke mene ne naki na yau?"

Ba ni da shi. Ta ce in koma in nemo. Na koma cikin duhu na lalubi jikin Ummi tun daga goshi har ƙafa, na samu cikinta bai kai jiya tauri ba. Ko kuwa ni ce nake so ya zama haka, Allah masani. Na fito na faɗa mata, ta ce, "Yauwa. Riƙe shi."

A tsakiyar makon aka ga watan azumi. Saratu ce ke zama da yaran biyu in na fita shan ruwa, tana tsokanata. "Ke da kike cewa ba ki iya jira ba, ga shi tun la'asar kin jera kunu da dabino kina kallonsu. Kin taɓa jin ranar da magariba ta ƙi zuwa?" Abin da take ɗinkawa a kan benci kuwa rigar Kirsimetin Iliya ce, da hannu, yaron da ko juyawa ba ya yi. Ta matsa mini in sa Baban Ummi ya yanko atamfar Sallah. Na ƙi. Tsorona kada in ce ya yanko yadi, ya zama farin yadi za a yanka. Sai ta tare shi da kanta. "Malam, kana sayar wa 'ya'yan mutane, taka fa?" Washegari ya zo da atamfa mai ruwan goro a ƙarƙashin hammata, ya miƙo mini bai ce komai ba, idonsa ja. Na karanta kalaman soyayya sun fi a ƙirga, babu wanda ya taɓa shiga jikina kamar miƙo atamfar nan.

Lahadi na uku ta ce wannan na murna ne. Na ce murnar me, baƙon bai zo ba? Ta ce, "Shi ya sa aka sa shi a tsakiya. In ya zo ai kowa ya iya murna." Ta raba mini ƙuli-ƙuli in ajiye sai an sha ruwa, ta yi 'yar rawa a gaban famfo ba kiɗa, da zani ɗaure a ƙirji, ƙatuwar mata tana juyi a kan yatsun ƙafa don kada a ji. Na yi dariya har na toshe bakina da mayafi. Rabona da dariya tun ranar murfin tukunya.

A makon Iliya ya buɗe baki, ya sha kunu, ya zauna. Kafin Lahadi na huɗu aka sallame su. Na taya ta naɗe tabarma ina murmushin dole. Me ya sa nata, ban da tawa? Ta lura. Ta ce, "Yi kishinki, ba laifi. Amma ga benci nan. Ƙofar taki ce yanzu."

Ba a jima ba labari ya kai Sheshe cewa mai gadi ta tafi. Da azahar, lokacin da Baban Ummi ke kasuwa, na ji muryar Gwaggo Asabe daga nesa. Na leƙa. Hajiya ce, da Gwaggo, da wani mutum mai jaka riƙe da kasko, garwashi na hayaƙi a ciki. Na san shi, mai maganin iska ne, aikinsa da tsawa yake yi.

Na fito na ja ƙofar a bayana. Ban iya zama a kan benci irin na Saratu ba, surukata tana tsaye. Ƙafafuna da kansu suka yi abin da suka saba, na durƙusa a kan dokin ƙofa.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya. Tashi mu shiga. An gaji da zaman banza, in ya gama aikinsa gida za mu tafi da ita."

"Ya ibada, Hajiya?"

"Alhamdu lillahi. Tashi, na ce."

"Ya mutanen gida? Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi?"

Ta tsaya ta dube ni. Kaina na ƙasa, na juya wajen Gwaggo na fara tata gaisuwar daga farko. Na tambayi mijinta, na tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, na tambayi jikar da aka yaye. Na gaida mai kasko, na yi masa ya aiki, ya iyali. Da na ƙare na koma kan Hajiya.

Gwaggo ta ce, "Yaya, rainin hankali ne fa. Tsallake ta kawai."

Hajiya ta ce, "Ban taɓa tsallake ɗan mutum ba, ba kuma zan fara da azumi a bakina ba. Binta, ni kike tare wa hanya?"

"Wane ni, Hajiya. Gaisuwa nake yi. Ya sanyi?"

Masu jinya suka fara taruwa suna kallo. Gwiwoyina suka mutu a kan siminti. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ga garwashin ya zama toka, mai kasko ya ce shi yana da wani wurin zuwa. Hajiya ta gyara mayafi ta sunkuyo, ta yi maganar a hankali, ita ma ba ta so a ji a ciki.

"Sunana ne a kanta. In ta mutu a ɗakin nan, ke kika hana a nema mata magani. Ki riƙe wannan."

Na riƙe kuwa. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi duhu a rayuwata. Kuloli suka daina zuwa daga Sheshe, sai na gidanmu. Baban Ummi yana tsakanin uwa da mata, ya rame kamar shi ne a gadon. Ga ɗaya gadon babu kowa. Na shiga tambayar kaina, in Gwaggo ce ke da gaskiya fa? Abin da ya riƙe ni, kowace safiya bayan na idar da salla sai in lalubi jikin yarinyar in nemo na yau. Wata rana in samu, wata rana in ƙirƙira. Na fara ɗinka atamfar da hannu a kan benci, ina yi ina warwarewa.

Ranar Kirsimeti da hantsi sai ga Saratu, ta sha ado da ɗauri kamar zai taɓa rufi, Iliya a bayanta cikin rigar da ta yi masa yawa saboda rama. Ta ajiye kula. "Shinkafa ce, sai an sha ruwa. Kazar mahauci Musulmi ne ya yanka, kada ki yi mini wani kallo."

Ummi na nan yadda take. Na ce, "Naku baƙon ya iso, Saratu. Nawa shiru."

Ta cire takalmi, ta tura ni gefe a kan benci ta zauna. "To ni na gama nawa jiran. Na zo in taya ki naki." Ta karɓi atamfar ta duba ɗinkina ta ce wannan hannun rigar na akuya ne ko na mutum? Ta wuni tare da ni ranar bikinta, har mijinta ya aiko a kira ta.

Bayan kwana biyu ko uku wata mai shara ta saki tiren ƙarfe a baranda, ƙarar ta cika sashen. Na daskare ina jiran banƙarewa. Shiru. Na matsa jikin gado, sai na ji murya siririya ta tsakanin haƙora.

"Mama, wa ya yi ɓari?"

Na zauna a ƙasa na yi kukan da na daɗe ina kai wa famfo, da ƙarfi, a cikin ɗakin, ba abin da ya same ta.

An sallame mu ana saura kaɗan Sallah. Ummi ta sa atamfarta, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tana tafiya tana dafa bango. Na kai wa Saratu tuwon Sallah har Sabon Gari, muka yi shekara biyu muna kai wa juna kwano kafin su koma garinsu.

Hajiya ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Ta rungume takwararta ta ce addu'arta ce ta ci, ni kuma ta sa mini suna Mai Ƙofa, da shi take kirana a gaban baƙi, ba da wasa ba. Shekaru suka wuce, Ummi ta yi aure ta haihu. Da ciwon ajali ya kwantar da Hajiya, gidan ya cika da 'yan dubiya tun safe har dare, kowa sai ya tashe ta ya ji ta amsa. 'Ya'yanta mata suna ganin tana wahala, ba mai iya magana. Ina tsakar gida ina dama mata kunu aka ce tana nemana. Na shiga na durƙusa. Ta buɗe ido da ƙyar, ta nuna bakin ɗakin da haɓa.

"Mai Ƙofa, je ki gaishe mini da su."

Na je na durƙusa a bakin ƙofa, na shiga jero musu gaisuwa. Ta samu barcinta na kwana uku, a cikinsa ta cika.